Jakar Kwasar Ciyawa da Ganye a Bayan Ƙaramar Tarakta: Yadda Take Aiki da Abin da Za a Yi da Kayan da Ta Kwaso

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa harabar makarantun kwana, asibitoci, barikoki da gidajen gona tsakanin watan Janairu da Maris ya san ƙaurin ganyen maina da na mangwaro da ake ƙonawa da sassafe. Masu shara su tara shi tsibi-tsibi, a ƙyasta ashana, hayaƙi ya gauraya da hazon hunturu. Idan damina ta kankama kuma, ciyawar da aka yanke a filin wasa ita ake jibgewa a bayan katanga, ta ruɓe tana wari. Bayan haka sai a tafi kasuwa a sayo takin zamani da tsada domin lambun da ke cikin wannan harabar.

Ƙananan taraktocin lambu, irin waɗanda ake hawa ana yanke ciyawa, yanzu ana ganinsu a otal-otal, jami'o'i da gonakin itatuwa, kuma da dama daga cikinsu tokumbo ne. Tambayar da malaman gona suke yawan samu daga masu irin waɗannan injuna ita ce: ko ya dace a sayi jakar da ake ɗaurawa a bayansu domin kwasar ciyawa da ganye? Amsata a taƙaice ita ce, jakar tana biyan kuɗinta ne kawai a wurin wanda ya riga ya shirya abin da zai yi da kayan da ta kwaso. Wanda zai tara ya ƙone, manjagara da tsintsiya sun ishe shi.

Asalin na'urar

Al'adar shimfiɗa gajeriyar ciyawa a ƙofar gida ta Turawa ce, kuma a can na'urar ta samo asali. Wani Baturen Ingila mai suna Edwin Budding shi ne ya ƙera injin yanke ciyawa na farko a shekarar 1830, bayan ya lura da yadda wata na'ura take aske gashin yadi a masaƙa. Tun wancan injin akwai akwatin da ke tare ciyawa a gabansa. Ƙananan taraktocin da ake hawa kuwa sun bunƙasa ne a Amurka. Kamfanin International Harvester ya fito da Cub Cadet a farkon shekarun 1960, John Deere kuma ya fito da samfurinsa na 110 a 1963. A can lokacin kaka itatuwa kan zubar da ganyensu kusan gaba ɗaya cikin 'yan makonni, shi ya sa jakar ta samu kasuwa.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin an ƙera jakar ne saboda fili mai laushi, shafaffe, wanda ciyawa ta rufe shi ruf. Filayenmu kuwa akwai marmara, tsakuwa, suri, ƙwallon mangwaro da ƙura.

Yadda take aiki

A ƙarƙashin taraktar akwai wani murfin ƙarfe mai kama da kasko a kife, a cikinsa wuƙaƙe biyu ko uku suke juyawa. Ana auna faɗin kaskon da inci, kuma waɗanda aka fi samu su ne masu inci 42, 46, 48 da 54. Daga gefen kaskon ake jona wani faffaɗan bututun roba wanda ke hawa zuwa bayan kujerar direba, inda jaka biyu ko uku suke rataye a ƙarƙashin murfi.

Babu wani hannu ko cokali da ke ɗaga ciyawar zuwa cikin jaka. Iska ce ke ɗaukar ta. Kowace wuƙa tana da lanƙwasa a ƙarshenta kamar kunne, wadda ke tura iska sama yayin da take juyawa, tamkar fanka. Iskar nan ita ke miƙar da ciyawa tsaye a yanke ta, ta kuma kwashe ta ta bi bututu. Da ta isa jaka sai ciyawar ta zauna, iskar ta fice ta ƙananan ƙofofin yadin. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci kusan dukkan matsalolin na'urar. Idan iska ba ta samu mafita ba, babu abin da zai shiga.

Na taɓa ziyartar wata makaranta inda jakunkunan asali suka yage, sai aka sa tela ya ɗinka wasu da tamfol mai kauri, wai don su daɗe. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, amma ko taku ashirin taraktar ba ta yi sai bututu ya toshe. An canza fambel, an wanke kafireto, an zargi direba, alhali laifin na tamfol ne. Da aka yanke gefen jakunkunan aka lilliƙa raga mai ƙananan ido, sai aiki ya koma daidai. Saboda haka ba laifi ba ne a ɗinka jaka a gida, ko mai walda ya ƙera maratayarta, amma lalle ne yadin ya zama mai fitar da iska. Ko jakar asali ma, ƙura da danshin ciyawa sukan toshe idanunta, don haka a riƙa wanke ta da ruwa ana shanyawa.

Wuƙaƙen ma iri-iri ne. Akwai ta yau da kullum, akwai mai niƙe ciyawa ta bar ta a ƙasa, akwai kuma mai babban kunne wadda aka yi musamman domin cika jaka. Ta ƙarshen ta fi tura iska, amma ta fi cin ƙarfin inji da mai, kuma a fili mai yashi takan zuƙo ƙasa ta riƙa goge kaskon da bututun har su huje.

A takardun masu ƙera injunan Amurka ana rubuta girman jaka da ma'aunin bushel, wanda kowane ɗaya ya kai kimanin lita 35. Mai jaka biyu takan ɗauki bushel 6 zuwa 7, wato wajen lita 230, ɗan abin da ya ɗara cikin durom guda. Mai jaka uku takan kai lita 320 zuwa 350. Ga manyan kasko akwai wadda ake ƙara wa fanka ta musamman a bakin bututu, wadda fambel ɗin kaskon ke juyawa, domin ta taimaka wajen tura ciyawa mai nauyi.

Sauran ire-irenta

Ban da jakar da ke rataye a jikin tarakta, akwai wasu na'urori biyu da ake ja a baya. Ta farko matsintsiya ce mai taya biyu, ba ta da inji. Tayoyin ne ke juya buroshi, buroshin ya share ganye ya jefa cikin wata babbar jaka mai ɗaukar lita 500 zuwa 700. Direba yana zaune zai ja igiya ya juye ta. Ta biyu kuwa akwati ne a kan tirela mai ɗauke da nasa injin da ke zuƙar ganye yana niƙawa. Wannan ta fi kowacce tsada, kuma injuna biyu ke nan za a riƙa ciyarwa da fetur da gyara.

A ganina, ga yawancin wurarenmu inda busasshen ganye ne babban abin kwasa, matsintsiyar ta fi dacewa. Ba ruwanta da samfurin tarakta muddin akwai wurin maƙala ta, ba ta cin mai, kuma duk mai gyaran keke ko babur zai iya gane abin da ya lalace a jikinta. Rauninta shi ne ba ta kwasar jiƙaƙƙen ganye da ya manne da ƙasa, ba ta son fili mai ramuka, kuma ba ta daddatsa ganyen. Jakar jikin tarakta ta fi ta a nan, domin wuƙaƙe sukan farfasa ganye kafin ya shiga, kuma farfasasshen ganye ya fi saurin zama taki.

Kafin a saya

Jaka ba kamar taya ba ce da za a ce kowacce ta shiga. Bakin bututun an yi shi ne daidai da siffar wani kasko, maratayar kuma daidai da bayan wata tarakta. Jakar mai inci 42 ta wani kamfani ba lalle ta hau mai inci 42 ta wani ba, kai ko a kamfani ɗaya ma samfuri yakan bambanta. A ɗaga kujerar direba ko a duba jikin firam, za a ga ɗan allon da aka rubuta lambar samfurin. Da wannan lamba da faɗin kaskon za a je wurin mai sayarwa, kuma idan da hali a jona a gwada kafin a biya. Taraktocin tokumbo sau da yawa sukan iso babu jaka, ko da jaka babu guntun da ke haɗa bututu da kasko, kuma wannan guntun shi ya fi wuyar samu.

A kuma yi lissafin girman fili. Kasko mai inci 42 faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Idan ana tafiyar kilomita 5 a awa, a lissafin takarda za a gama rabin hekta cikin awa guda. Amma da zarar an ɗaura jaka, tsayawa juye kaya da kai shi wurin tarawa za su rage wannan sosai, musamman a tsakiyar damina. Don haka a kafa wurin tara kayan kusa da filin. Filin da bai kai rabin hekta ba kuwa, mutum biyu da manjagara sun wadatar, kuma kuɗin ya zauna a hannun mutanen gari.

Ba kullum ake kwashe ciyawa ba

Wannan batu ne da masu sayar da jaka ba su cika faɗa ba. Ɗanyar ciyawar da aka yanke kimanin kashi 80 cikin 100 nata ruwa ne, kuma tana ɗauke da sinadarin naitirojin mai yawa. Idan gajera ce aka bar ta a inda ta faɗi, cikin 'yan kwanaki takan ruɓe ta koma ƙasa, kuma takan iya mayar wa filin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin da yake bukata. A Amurka kanta, tun daga ƙarshen shekarun 1980 jihohi da dama suka hana kai ciyawa da ganye bola, aka koma kwaɗaita wa jama'a su bar ciyawar a fili ko su yi taki da ita. Wanda yake kwashe ciyawa duk yanka, shekara da shekaru, ba ya mayar da komai, tatsar filinsa yake yi, kuma zai ga ciyawar ta fara yin rawaya tana barin ƙasa tsirara.

Ƙa'idar ita ce kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda. Idan ana bin wannan, ba a bukatar jaka a yawancin yanka. Ana ɗaura ta ne idan ciyawa ta yi tsawo har yankakkiyar za ta danne ta ƙasa, ko an ga alamar cuta a filin, ko mugayen ciyayi irin su ƙarangiya sun fara fitar da 'ya'ya ana son kwashe su, ko kuma lokacin zubar ganye.

Mayar da kayan taki

Ƙasar yankin sabana tana da ƙarancin ruɓaɓɓen abu, a gonaki da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ba ta riƙe ruwa ko taki yadda ya kamata. Ganyen da ake ƙonawa maganin wannan ne. Wuta takan kori naitirojin da kabon ɗin da ke cikinsa zuwa sama, ta bar toka kaɗan wadda iska ke ɗaukewa.

Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shara suna son abincin da kabon ɗinsa ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30. A busasshen ganye ninkin ya kai 40 zuwa 80, don haka shi kaɗai yakan daɗe bai ruɓe ba. A ɗanyar ciyawa kuwa wajen 15 zuwa 25 ne, ga yawan ruwa, shi ya sa idan aka jibge ta ita kaɗai takan cure ta yi yauƙi da wari. Haɗa su shi ne maganin kowannensu: kwando biyu ko uku na ganye, kwando ɗaya na ciyawa.

Sai dai a ƙasarmu abubuwan biyu ba sa zuwa tare. Ganye da rani yake zuba, ciyawa kuma da damina take fitowa. Dabarar ita ce a kewaye wani wuri da zana ko wayar kaji a inuwa, nesa da inda wuta za ta iya kaiwa, a adana ganyen rani a bushe har ruwa ya sauka. Gara za ta ci wani abu daga ciki, ba makawa, amma idan aka ɗora shi a kan daɓe ko duwatsu ɓarnar takan ragu. Wanda ba ya son jira, ya haɗa ganyen da kashin shanu ko na kaji ya riƙa ba shi ruwa, ko ya shimfiɗa shi a turken dabbobi ya sha fitsari da kashi kafin a kwashe.

Tsibin takin kada ya gaza mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi. Danshinsa ya zama idan an damƙa an matse hannu zai jiƙe amma ruwa ba zai zuba ba. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa za ta yi zafi, kuma ana son ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin salshiyos, domin a nan ne yawancin irin ciyayi da ƙwayoyin cuta ke mutuwa. A riƙa juya shi duk mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. A yanayinmu mai zafi yakan nuna cikin wata biyu zuwa uku, ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Ganyen mangwaro da na kashu masu kauri ne, sun fi na maina jinkiri, kuma a kansu ne daddatsawar wuƙar tarakta ta fi amfani.

Ana kuma iya shimfiɗa kayan kai tsaye a gindin lemo, gwaba, ayaba ko kayan lambu domin riƙe danshi da danne ciyawa. Ganye a yi masa kaurin santimita 5 zuwa 8. Ciyawa kuwa a bari ta sha iska kwana ɗaya ko biyu, a shimfiɗa ta ba da kauri ba. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin shimfiɗar da jikin itacen saboda ruɓa da gara. Idan filin kiri-kiri ne a yi hattara, domin guntun jijiyarsa da ya faɗa ƙasa mai danshi sai ya kama, kuma duk mai lambu ya san wahalar fitar da kiri-kiri.

Hattara da maganin kashe ciyawa

Akwai wasu magungunan kashe ciyawa masu faɗin ganye waɗanda zafin taki ba ya lalata su, ko cikin dabba ma sukan ratsa su fito da ƙarfinsu. Daga cikinsu akwai clopyralid, aminopyralid da picloram. A shekarun 2000 da 2001 an gano clopyralid a takin da aka yi da ciyawar gidaje a yankin Spokane na jihar Washington a Amurka, bayan ya lalata tumatir da wasu shuke-shuke, kuma a 2002 jihar ta hana fesa shi a filayen gidaje. A Birtaniya ma a 2008 masu lambuna sun yi asara ta hanyar takin dabbobin da suka ci ciyawar da aka fesa wa aminopyralid, har aka dakatar da sayar da shi na wani lokaci. Tumatir, wake, dankalin Turawa da latas su suka fi jin jiki.

Saboda haka kafin a karɓi ciyawa daga otal, filin wasa ko wani wuri, a tambayi abin da aka fesa, a karanta sunan sinadarin a jikin kwalba. Ko da wane irin magani ne, yanka uku ko huɗu na farko bayan feshi a bar su a filin. Idan ana shakkar wani taki, gwajin mai sauƙi ne: a cika gwangwani uku da ƙasar da aka gauraya da takin, wasu uku da ƙasa zalla, a shuka wake a duka. Bayan mako uku ko huɗu, idan sababbin ganyen na cikin takin sun nannaɗe sun murɗe alhali sauran lafiya lau, kada a kai wannan taki lambu.

Batun ciyar da dabbobi

Ganin koriyar ciyawa cike da jaka yakan sa mutum ya tuna da dabbobinsa. Doki da jaki kada a ba su ko kaɗan. Ciyawar ta riga ta niƙu, sukan haɗiye ta ba tauna, ta tsaya musu a maƙogwaro ko ta tsima a ciki ta jawo mummunan ciwon ciki. Shanu, tumaki da awaki za a iya ba su kaɗan nan take bayan yanka, ko a baza ta a rana ta bushe sarai kamar ingirici, muddin ba a yi feshi ba. Wadda ta kwana a jaka ta yi zafi ko ta yi fumfuna, wurin taki za ta. A tuna kuma wuƙa ba ta zaɓe: leda, guntun waya da ganyen furanni duk tana haɗawa. Furen ado da ake kira oliyanda, wanda ake yawan shukawa a harabobi, guba ne mai kisa, kuma ganye kaɗan ya isa ya kashe dabba.

Kiyaye lafiya da kula da inji

Bakin wuƙar tarakta yana gudun da ya kai wajen kilomita 300 a awa, don haka tsakuwa ko ƙwallon mangwaro da ta doka harsashi ne. A bi filin a tsince irin waɗannan kafin a fara, a kori yara, kuma kada a goya kowa. Ba a tayar da wuƙaƙe sai bututu da murfin jaka suna wurinsu. Idan an cire jakar, a mayar da marfin da ke kare bakin kaskon. Bututu idan ya toshe, a kashe inji, a zare makulli, a jira komai ya tsaya cik, sannan a zaƙulo da sanda, ba da hannu ba.

Jakar da ta cika da ɗanyar ciyawa takan kai nauyin buhun takin zamani ko ta ɗara, kuma duk nauyin a bayan tayar baya yake. Wannan yakan sa gaban taraktar ya yi sakayau, sitiyari ya ƙi ji, a kan tudu ma ta iya tashi tsaye. Masu ƙerawa sukan ba da shawarar ɗaura ƙarfen nauyi a gaba. A gangare a riƙa hawa da sauka a miƙe, kada a bi ta kaikaice, a juye jaka tun ba ta cika ba, kuma a guje wa gangaren da ya wuce digiri 10 zuwa 15, gwargwadon abin da littafin injin ya ce.

A bari raɓa ta ɗauke kafin a fara yanka, domin jiƙaƙƙiyar ciyawa ita ce babbar mai toshe bututu. A buɗe wa injin wuta sosai amma a tafi a hankali. Lokacin hunturu direba ya rufe hanci da ido, a riƙa duba matatar iskar inji kowace rana, a kuma kakkaɓe busasshen ganyen da ke taruwa kusa da salansa, domin nan wuta take kamawa. Idan an tashi aiki a juye jakunkunan ƙaf, a kankare ciyawar da ta manne a cikin kasko saboda tsatsa, a rataye jakar a inuwa inda ɓera da gara ba za su kai gare ta ba. Hasken rana yakan cinye yadin da robar bututun, don haka idan lokacin amfani da su ya wuce a kwance su a shigar da su ɗaki.